Kujerar da Mai Aski Ya Bari a Tsaye

Gyara-Zama mai aski ne, kuma ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Duk wanda ya hau kujerarsa, ko ya zauna cas kamar an dasa shi, sai ya ji an ce masa "gyara zama". Yara suka fara tsokanarsa da kalmar, manya suka karɓa, har sunansa na gaskiya ya bi iska. Mutum ne siriri, mai tsafta har ta yi yawa, wanda ya fi sanin mutanen unguwa ta ƙeya fiye da ta fuska. Matarsa ma abin da ya kore ta ke nan, in ji masu gulma: wai ta gaji da namijin da in tana masa magana yake zagayawa bayanta. Ta tafi tun da daɗewa, ta bar shi da almakashi da mahaifiyarsa.

Rayuwarsa kaf a bayan kujera ya yi ta, a tsaye. Saboda haka ya san kujera kamar yadda mai doki ya san doki. Ko ya juya baya yana wasa aska, daga ƙarar da kujerar ta yi zai gaya maka wanda ya zauna, mai jiki ne ko ramamme, a gajiye yake ko da rigima ya zo.

Inna, mahaifiyar tasa, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai baki kamar reza. Tafiya tana yi da sanda, zama ma tana yi. Tashi ne ya gagara, don gwiwoyin sun yi yaji. Wata rana ya dawo da yamma ya same ta a ƙasa a tsakar ɗaki, inda ta zame tun hantsi, rana ta shigo ta taga ta bi ta kanta ta wuce.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Hira nake da tururuwa. Sun fi ka zuwa gaishe ni."

Ya ɗaga ta yana dariya. Labari ya kai kunnen Yaya, babbar yayarsa da ke aure a wani gari mai nisa, a gidan sama. Yaya ba ta san shawara ba, sanarwa take yi. Ta bugo waya ta ce ƙarshen wata za ta zo da mota ta ɗauki Inna.

"Ba inda za ni," in ji Inna daga gefe. "In je can sama in mutu ina kallon rufin motoci?"

"Ina jin ki," in ji Yaya ta cikin wayar. "To ga magana ɗaya. In na zo na ga kin zauna kin tashi da kanki, ba hannun kowa, zan bar ki. In kuwa sai an ciccibe ki, ki haɗa kayanki."

Gyara-Zama ya shiga neman kujera. Ya kawo ta kushin, ta haɗiye Inna har sai da aka zaro ta kamar ƙaya. Ya kawo ta roba, ta zame ta bar ta rungume da bango. Abin da ake so kujera ce mai tsayi daidai ƙafarta, mai hannuwa masu ƙarfi inda za ta dafa ta tura kanta sama. Ya je wurin wani kafinta a bayan layin masu gyaran mota. Kafinta, dattijo mai fensir a kunne da yatsa ɗaya guntu, ya saurare shi tsaf ya ce aiki ya yi masa yawa.

"Amma ina koyar da sababbin hannu da hantsi. Kai da hannunka ya saba da wuyan mutane bai taɓa yanka ba, katako ba zai gagare ka ba. Zo ka yi wa tsohuwarka da kanka."

Haka mai aski ya koma ɗan koyo da furfurarsa. Da hantsi yana wurin kafinta, da yamma yana shagonsa.

Wurin dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ƙofa ɗaya faffaɗa, tagogin can sama kusa da rufi, haske yana saukowa ta cikinsu cike da garin katako. Abin da ya fara lura da shi ranar farko shi ne babu kujera ko ɗaya a tsaye. Waɗanda aka gama da waɗanda ba a gama ba, duk a kife suke bisa tebura, ƙafafu sama, kamar ƙwarin da aka fesa wa magani. Su kansu masu koyo a kan kututture suke zama.

"Malam, ambaliya ake yi a nan?" ya tambaya.

"A'a. Dokar wurin ce. Kujerar da mai ita bai riga ya zauna a kanta ba, ba ta kwana a tsaye. In za ka tashi, ka kife ta."

"Saboda ƙura?"

"Ka ce saboda ƙura."

Wata tela da ke koyo tare da shi, mace mai ƙiba da dariya a kusa, wadda ta zo yi wa kanta abin zama na gaban keken ɗinki, ta matso ta rage murya. "Ni ma na tambaya. Ce mini ya yi kujera kira take yi, kamar kwano a buɗe. Na ce to ni tawa in ta kira mai kuɗi ne ina so."

Kafinta ba ya aiki da awon takarda. Mutum ake aunawa. Ya ba Gyara-Zama igiya ya ce ya je ya auno Inna, daga diddige zuwa bayan gwiwa ya ƙulla, daga mazauni zuwa gwiwar hannu ya ƙulla, faɗin ƙugu ya ƙulla. Inna ta zauna a bakin gado tana kallonsa yana ja yana ƙullawa.

"Likkafani kake auna mini tun ina gani?"

"Kujera ce, Inna."

"To ka bar mini wurin numfashi. Ubanka ma komai a matse yake yi."

Koyon bai zo da sauƙi ba. Zarto ya ƙi bin layi, ya bi son ransa. Ramin da ya fafe don ƙafa ta shiga ya yi faɗi har ƙafar tana rawa a ciki. Da katako ya motsa a kan tebur sai a ji ya ce masa "gyara zama", Tela ta riƙe ciki.

"Ka tambaye shi ko a rage masa gefe," in ji ta. "Wataƙila saisaye yake so."

"Ke dai ki kula da taki. Ƙafa uku ce ko huɗu, har yanzu ba ta yanke shawara ba."

Amma a wurin goge katako babu kamarsa. Yana bin hannun kujerar da sanfefa a hankali, yana shafawa da bayan yatsa kamar yana duba gemun ango, har ya zama ba inda zai kama fatar tsohuwa. Kafinta ya shafa sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya wuce. A wurinsa wannan yabo ne mai yawa.

Ana saura 'yan kwanaki Yaya ta zo, aka kai ga haɗawa. Aka shafa gam a ramuka, aka buga ƙafafu da hannuwa, aka ɗaure da ƙarafan matsewa. A ranar Kafinta ya fita sayen katako tun kafin rana ta raba, ya bar musu kwaɗo ya ce wanda ya tashi ƙarshe ya rufe. Tela ta kife tata ta tafi kai ɗinki. Aka bar Gyara-Zama shi kaɗai.

Ya sauke kujerar ƙasa don ya ga ko ƙafafun sun zauna daidai kafin gam ya kama. Ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ya ja baya ya kalle ta, ransa ya yi fari. Sai ya shiga shara, don shi ba ya iya barin wurin aiki da datti. Ya share garin katako kamar yadda yake share gashi, ya tara a lungu. Daga nan hannunsa ya ci gaba da abin da ya saba yi kullum ba tare da ya nemi izinin kansa ba. Ya ɗauki ƙyalle ya goge mazaunin. Ya juya kujerar ta fuskanci ƙofa. Ya kaɗe ƙyallen, fat, fat, ya rataya a kafaɗa, ya tsaya a bayanta ya dafa.

"Na gaba," ya ce.

Rana tsaka ce. A waje ana buga ƙarfe a wurin masu gyaran mota, wani yana dariya. Kujerar ta yi ƙara, 'yar ƙarama, daga ƙafafun baya zuwa na gaba.

Sabon katako yana ƙara, kowa ya sani. Amma Gyara-Zama ya san wannan ƙarar. Ta mutum ce mai tsayi, ba mai jiki sosai ba, wanda ya daɗe a tsaye.

Ya janye hannunsa. Ya ce a ransa gam ne yake kamawa. Ya tuna da dokar Kafinta, ya miƙa hannu zai ɗaga kujerar ya kife, sai ya ji ba zai iya ba. Ba wai ta yi nauyi ba, bai ma gwada ba. Kunya ce ta kama shi, irin wadda za ka ji in aka ce ka kife kujera da baƙo a kai. Ya rufe ƙofa, ya sa kwaɗo, ya tafi shago. A ranar ya yi wa wani aski har ya manta da gefe ɗaya.

Washegari ya tarar da Kafinta tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ba, Tela a bayansa ba dariya. Garin katakon da ke yawo a iska ya sauka cikin dare kamar kullum, ya rufe tebura da ƙasa da kututture. Ya rufe saman bayan kujerar. Amma mazaunin fes yake, hannuwan ma fes daga tsakiya zuwa gaba. A ƙasa kuma, gaban kujerar, akwai wuri biyu dogaye, kusa da juna, inda ƙura ba ta sauka ba.

"Wa ya bar ta a tsaye?" in ji Kafinta, alhali ya sani.

"Gam nake so ya kama daidai."

"Shi ke nan abin da ka yi?"

Gyara-Zama ya faɗa masa sauran. Kafinta ya cire fensir daga kunne, ya duba shi, ya mayar.

"Wasu suna mantawa su bar ta a tsaye. Kai har goge ta ka yi, ka juya ta ƙofa, ka yi kira."

"Malam, mene ne?" in ji Gyara-Zama.

"Ni ina na sani? Tun ina yaro nake kifewa don kada in sani."

"Wataƙila mage ce," in ji Tela.

"Mage mai takalmi," in ji Kafinta.

Aka yi aikin ranar a can ƙarshen ɗakin. Ba wanda ya ce a yi haka, kowa dai ya ja kayansa. In mutum zai wuce ta gaban kujerar sai ya ga ya ɗan kauce, kamar mai gudun taka ƙafar wani. Da aka kashe injin yanka, wurin ya yi tsit, sai a ji kujerar ta motsa kaɗan, irin motsin mai jira da ya sauya ƙafa.

Kafinta ya ce hanya ɗaya ya sani, a fasa ta a sake wata. Gyara-Zama ya lissafa kwanakin da suka rage, ya ga ko ƙafa biyu ba zai gama ba kafin motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida. Ya ce a ba shi dama ya gwada tasa dabarar.

"Ni na kira shi," ya ce. "Ni na san yadda ake sallamar mutum."

Ya zo da ƙyallen aski da buroshi da ƙaramin madubi. Da rana tsaka, Tela tana leƙe ta bayan tarin katako, ya tsaya a bayan kujerar. Ya yi motsin kwance ƙyalle daga wuya, ya kaɗe. Ya bi iska da buroshi daidai inda ƙeya za ta kasance. Ya ɗaga madubin ta baya, kamar yadda ake nuna wa mutum aikin da aka yi masa, amma shi bai duba ciki ba, bango ya kalla.

"An gama, ranka ya daɗe. Allah ya kiyaye hanya."

Suka jira. Kujerar ta yi ƙara a hankali, ta jingina baya. Gyara-Zama ya san wannan ma. Akwai irin mutanen da in an gama musu aski a nan suke gyara zama, don ba askin ya kawo su ba, ba su da wurin zuwa ne.

"Ya tashi?" in ji Tela da raɗa.

"Ya miƙe ƙafa."

Kafinta ya ce ba za ta ƙara kwana a wurinsa ba. Ranar ce kuma Yaya za ta iso, sai Gyara-Zama ya kira mai baro. Su biyu suka ɗora ta, a tsaye, don ya ƙi a kwantar da ita. Mai baro ya tura kaɗan ya tsaya ya duba taya.

"Wane irin katako ne wannan, Baba? Kamar na ɗauko mutum."

"Tura dai a hankali. Ka kauce wa ramuka."

Duk hanya yana tafe a gefe yana tunani. In ya faɗa, Yaya za ta ce ƙanenta ya taɓu, ta kwashe Inna a ranar, wataƙila ta haɗa da shi. In ya ɓoye kujerar, babu abin da Inna za ta dafa ta tashi. In kuma ya yi shiru, zai zaunar da uwarsa a cinyar abin da bai san ko mene ne ba. Har suka iso bai zaɓa ba.

Motar Yaya tana ƙofar gida. A ɗaki ya tarar an riga an sauke akwatin Inna daga saman kabad, baki buɗe, Yaya tana ninke zannuwa. Inna tana bakin gado, sanda tsakanin gwiwoyi, ta haɗe rai.

"Ga injiniya," in ji Yaya. "Wannan ce kujerar da aka cika mini kunne da ita? Ajiye mu gani, direba yana jira."

Ya ajiye ta kusa da taga. Ta yi 'yar ƙararta. Yaya ba ta ji komai ba, tana neman murfin wani kwano. Inna kuwa ta ɗaga kai. Ba mazaunin ta kalla ba, sama da shi ta kalla, daidai inda fuskar dogon mutum za ta kasance in yana zaune. Ta daɗe tana kallo.

"Inna," in ji Gyara-Zama, "gam ɗin bai gama bushewa ba. Ko a bari sai..."

"Ka ji ko," in ji Yaya. "An fara."

"Rufe mini baki, ku duka," in ji Inna. "Kai, kawo ni."

Ya kama ta ya tsayar, ta dogara sanda, ta taka har gaban kujerar. Ta tsaya nesa kaɗan, inda ba za ta taka komai ba.

"Sannu," ta ce. "An sha hanya."

"Da wa kike?" in ji Yaya.

"Da wanda ya sha hanya." Inna ba ta juyo ba. Ta ɗan buga sandar a ƙasa. "To, ni ba na korar kowa. Amma ɗana ya yi mini ita, da igiya ya auna ni. A matsa."

Sai kujerar ta yi ƙara, doguwa, daga tsakiya zuwa gefen dama. Inna ta juya, ta dafa hannun hagu, ta zauna. Gyara-Zama ya matso kusa. Ya zuba mata ido yana jiran ta canza fuska, ko ta yi sanyi, ko wani abu. Ita kuwa sai ta shafa hannun kujerar.

"Ka iya gugar katako," ta ce. "Da haka ka iya riƙon mace."

"Zama ba shi ne maganar ba," in ji Yaya, ta harɗe hannu. "Tashi. Kai kuma matsa can, kada ka taɓa ta."

Ya matsa har jikin bango. Inna ta jingine sanda. Ta dafa da hannun hagu, ta ja numfashi, ta yunƙura. Ta taso rabi, gwiwoyin suka fara rawa, ya ga za ta koma. Sai gwiwar hannunta ta dama, wadda ba ta dafa komai ba, ta ɗaga sama kaɗan, kamar yadda hannun tsohuwa yake ɗagawa in an tallafe shi. Ta miƙe tsaye cak.

"Madalla," ta ce a hankali, tana duban gefen dama.

Yaya ta sa ta maimaita. Ta zauna, ta tashi. Ta sake zama, ta sake tashi, har ta fara yanga. Yaya ta kalli ƙanenta, ta kalli kujerar, ta taɓe baki, sannan ta fara mayar da zannuwa cikin kabad tana mita a kan kuɗin mai. Ta kwana biyu ta koma gidanta na sama.

Inna tana nan a ɗakinta har yanzu. Gyara-Zama yana fita shago da safe ya dawo da yamma, bai ƙara samun ta a ƙasa ba. Wurin Kafinta ya koma ya ƙarasa koyo, ya yi tebur, ya yi kantar shago, amma bai sake yin abin zama ba. Wani lokaci in ya dawo da wuri yakan ji muryarta tun daga tsakar gida, tana ba da labari, tana tsayawa, tana dariya, sannan ta ci gaba. Yakan yi gyaran murya kafin ya shiga. Bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa bayani ba. Kullum a gefen hagu yake samun ta, a takure, kafaɗa manne da katako.

Rannan yana yanke mata farce ta dube shi ta ce, "Wai ka daina zuwa wurin kafintan nan ne?"

"Ina leƙawa. Me ya faru?"

"Ba komai. In za ka sake yin wata, ka ƙara mata faɗi. Mun matsu."